Yayana ya ba ni keken gasa, ni kuma tsoron hawansa nake yi

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 34, kuma rabona da keke tun ina yaro, sai wata uku da suka wuce da likita ya ce in rage zama in riƙa motsa jiki. Na yi rajistar wata ƙaramar gasar tirayatilon, wadda ake haɗa ninƙaya da keke da gudu, saura wata bakwai a yi ta. Yayana ya daɗe a wannan wasa, shi ne ma ya sa mini sha'awarsa. Da ya ji na yi rajista sai ya ɗauko tsohon kekensa na gasa ya ba ni kyauta, irin mai sanduna biyu a gaba da ake kwantar da hannu a kai. Sau huɗu na hau shi. Wuyana da kafaɗuna ciwo suke yi, a hawa na uku kuwa saura ƙiris in daki wata mota a mahaɗar hanya, domin hannuna yana kan sandunan, birki kuma yana wani waje daban. Na je shiga wata ƙungiyar masu keke, shugabansu ya dubi keken ya ce ba zan bi ayarinsu da shi ba, sai na nemo keken titi. Na ji haushi sosai. Wani kuma ya ce ai nawa ba na tirayatilon ba ne, na tseren agogo ne. Duk na rikice. Yayana ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, kullum yana tambayata yaya keke, ina ce masa lafiya lau. Nauyin gaya masa gaskiya nake ji. Mene ne bambancin kekunan nan, kuma yaya zan yi ba tare da na ɓata masa rai ba?

Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko ina taya ka murna da Allah ya tsare a mahaɗar hanyar nan, kuma kafin mu shiga komai ina roƙonka abu ɗaya: kada ka sake fitar da wannan keken cikin motoci har sai ka gama karanta amsar nan ka yanke shawara. Tsoron da kake ji ba ragwanci ba ne. Jikinka ne ya gane abin da yayanka ya riga ya manta saboda daɗewa, wato an ƙera keken don wani aiki daban da wanda kake sa shi.

Bari mu fara da iska, domin ita ce tushen bambancin gaba ɗaya. Idan mutum yana tafiya a hankali a kan keke, ba ya ma tunawa da ita. Amma da gudu ya kai kamar kilomita 30 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin da yake zubawa a feda yana tafiya ne wajen ture iskar da ke gabansa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, kaso mafi tsoka na wannan turjiya daga jikin mahayin yake fitowa, kusan kashi uku cikin huɗu, keken kansa kaɗan yake ɗauka. Ƙirji a buɗe, kafaɗu a ware, kai a sama, duk bango ne ga iska. Saboda haka masu ƙera keke suka ce, to, mu kwantar da mahayin, mu matse gwiwoyin hannunsa wuri guda, mu mayar da shi siriri kamar kibiya. Daga nan sandunan nan biyu suka samo asali.

'Yan tirayatilon ne suka fara rungumar su, amma duniya ta farga da su ne a 1989, a gasar tseren keke ta Tour de France. A ranar ƙarshe an yi tseren agogo, wato wanda kowane mahayi yake tuƙi shi kaɗai a auna lokacin da ya ɗauka, na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Faris. Greg LeMond ɗan Amurka ya shiga yana bayan Laurent Fignon ɗan Faransa da daƙiƙa 50, tazarar da yawancin mutane suka ɗauka ba za ta rufu a wannan ɗan gajeren zango ba. LeMond ya ɗaura sandunan, ya sa hular kwano mai tsini, ya kwanta. Fignon ya fito kai ba hula, da kan keke irin na da. LeMond ya riga shi da daƙiƙa 58, ya lashe gasar mako uku da daƙiƙa 8 kacal. Na kawo maka wannan labari ne don ka san yayanka bai yi ƙarya ba idan ya ce keken yana da gudu. Amma ka lura da yanayin da LeMond ya yi wannan gudun: shi kaɗai, an rufe masa hanya, ba mota, ba mai tsallakawa, kuma da jikin da ya shekara da shekaru yana horo.

Yanzu dubi keken da ke ɗakinka. A ƙarshen sandunan nan biyu za ka ga maɓallan canja giya. Birki kuwa yana can gefe, a kan ƙahonnin da ke ƙasa. Wanda ya tsara shi ya ɗauka cewa za ka daɗe kana tuƙi a miƙe ba ka bukaci tsayawa ba. A gudun kilomita 30 a awa, kana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. Ka ƙiyasta: ka hango motar, ka ɗaga gwiwar hannu daga matashinta, keken ya ɗan yi layi saboda nauyinka ya karkata, ka lalubo ƙahon, sannan ka matsa birki. Ko daƙiƙa ɗaya da rabi wannan ya ɗauke ka, ka riga ka wuce tsawon motoci biyu ba ka fara rage gudu ba. Abin da ya faru da kai ke nan. Ga kuma wata matsalar, idan gwiwoyin hannu suna manne da juna a tsakiya, ba ka da faɗin da za ka riƙe keken da shi, ɗan rami ko ɗan motsi sai ka ji gaban yana rawa. Nauyinka ma ya fi sauka a kan tayar gaba. In kuma keken yana da wili mai faɗin baki, iskar da ta bugo ta gefe, ko wadda babbar mota ta kwaso da ta wuce ka, za ta ture ka kamar an hankaɗe ka da hannu.

Keken titi akasin haka yake. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, kuma yana ba ka wurin riƙo uku: sama idan kana hutawa ko kana hawa tudu, kan murfin birki inda hannu yake zama mafi yawan lokaci, da ƙasa idan kana gangara ko kana son gudu. A wurare biyu daga cikin ukun nan, yatsunka suna kan birki, giya kuma tana nan a jikin hannun birkin. Kana iya ɗaga kai ka ga hanya, ka saki hannu ɗaya ka nuna za ka juya, ka sha ruwa, ka kauce wa rami. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗin hawa tudu, ya fi biyayya a kwana. Shi ya sa kusan duk wanda ka gani yana ƙwarewa a kan keken sanduna, a kan keken titi ya koyi sana'ar, kuma har gobe a kansa yake yin yawancin horonsa. Ka tambayi yayanka, zan yi mamaki idan bai da shi.

Game da wanda ya ce maka keken na tseren agogo ne, yana iya yin gaskiya, yana iya yin kuskure, domin kekunan biyu 'yan gida ɗaya ne, kuma kamfanoni da yawa suna sayar da keke guda don ayyukan biyu. Bambancin daga doka yake da kuma abin da ke biyo bayan tseren. Keken tseren agogo yana ƙarƙashin dokokin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda ta ƙayyade siffar firam, wato gangar jikin keke, ta ce keke kada ya gaza kilo 6.8, ta kuma ce bakin sirdi ya kasance aƙalla santimita 5 a bayan tsakiyar inda feda take juyawa, sai dai in an yi wa mahayi sassauci saboda yanayin jikinsa. Mai tseren agogo zai zuba duk ƙarfinsa cikin rabin awa ko awa guda, ya sauka ya kwanta. Ba ruwansa da jin daɗi.

Ɗan tirayatilon kuwa in ya sauka daga keke, gudu ne yake jiransa. A gasar Ironman, wadda aka fara a Hawai a 1978, ana ninƙayar kilomita 3.8, a tuƙa keke kilomita 180, sannan a yi gudun kilomita 42.2. Mutumin da zai shafe awa biyar ko shida a kwance a kan sanduna yana bukatar wurin ajiye ruwa da kayan gyaran faci, shi ya sa za ka ga ɗan akwati a bayan sirdi ko tankin ruwa a tsakanin hannuwa. An kuma miƙar da bututun da ke ɗauke da sirdi ya matso gaba, kusan digiri 76 zuwa 80, alhali na keken titi bai cika wuce 72 zuwa 74 ba. Wannan yana buɗe kusurwar da ke tsakanin ciki da cinya, mahayi ya kwanta ba tare da gwiwarsa tana dukan ƙirjinsa ba. Idan kana son sanin naka, duba jikin firam ko akwai 'yar alamar UCI, duba ko akwai ma'ajin ruwa da aka gina a jiki. Amma gaskiya, a matsayinka na yanzu, wannan bambanci bai kai ya hana ka barci ba. Ko wanne ne, birkin yana nesa da hannunka.

Shugaban ƙungiyar da ya ba ka haushi, ina ganin ya cancanci ka sake duba maganarsa. Wataƙila bai iya lafazi ba, kuma na san ba daɗi a dubi kayan mutum a gaban jama'a a ce ba za su yi ba. Sai dai a cikin ayari, tayar gabanka tana bin tayar bayan wani da tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba, domin wanda ke baya yana samun mafaka daga iska, yana rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku. In na gaba ya taɓa birki kai kuma hannunka yana kan sanduna, ba kai kaɗai za ka faɗi ba, duk wanda ke bayanka zai hau kanka. Ƙungiyoyi da yawa a duniya suna da wannan ƙa'ida, kuma suna ɗora ta har a kan ƙwararru. Mutumin yana kare mutanen da aka ba shi amana ne, kuma da ka koma da keken da ya dace, ina kyautata zaton shi zai fara nuna maka yadda ake bin layi.

Akwai wani abu da nake so ka bincika a makon nan, domin yana iya yanke maganar gaba ɗaya. Gasannin tirayatilon iri biyu ne. Akwai waɗanda aka hana bin bayan wani don fakewa daga iska, kowa ya ja tazara ya tuƙa shi kaɗai, kuma a nan ne keken sanduna yake da amfani. Akwai kuma waɗanda aka yarda a tafi a dunƙule, kamar yadda ake yi a wasannin Olamfik tun da aka shigar da tirayatilon a Sidni a 2000, kuma a irin waɗannan keken titi ake hawa, ba a yarda da keken sanduna ba sam. Karanta ƙa'idar gasarku ko ka rubuta wa masu shiryawa. In ta biyun ce, ka ga ma an sauƙaƙa maka abin da za ka gaya wa yayanka.

In ma ta farkon ce, mu yi ɗan lissafi. Ƙaramar gasa yawanci ninƙayar mita 750 ce, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Mu ɗauka kana tafiyar kilomita 27 a awa, za ka gama zangon keke cikin kusan minti 44. Mu ce sandunan sun ƙara maka kilomita biyu a awa, ka gama a minti 41. Minti uku ke nan, kuma sai in ka iya zama a kwance daga farko har ƙarshe. Kai kuwa ka ce wuyanka yana ciwo, wanda ke nufin bayan minti biyar za ka tashi zaune ka riƙe ƙahonnin gefe. A wannan zaman ka rasa duk ribar keken, ka rage da nauyinsa da taurin kansa. Na sha ganin haka a gasa: mutum a kan keke mai kama da jirgin yaƙi, yana zaune ƙiƙam kamar mai zuwa aike, wani a kan keken titi na talaka yana wuce shi. Minti ukun nan za ka same su, har da ƙari, daga wata bakwai na fita sau uku a mako a kan keken da ba ka jin fargabar ɗaukowa.

Sai maganar tsawo, wadda ka ambata a gurguje amma ita ce ta fi damuna. Keke kamar takalmi ne. Ana iya sauke sirdi, ana iya canja ɗan ƙarfen da ke riƙe da kan keke a sa gajere, amma tsawon firam ba ya canjawa. In yayanka ya fi ka tsawo sosai, to kana miƙa hannu fiye da kima don ka kai matashin, kana kuma ɗaga haɓa don ka ga hanya, ga dalilin ciwon wuyan da kafaɗun. Keken sanduna ya fi kowane keke rashin haƙuri da kuskuren awo, santimita biyu ma ana jin su. Ka kai shi wurin wanda ya san awon keke da mahayi, ya ɗora ka ya auna. In ya ce firam ɗin ya yi maka girma, to ko shekara goma ka yi kana horo ba zai zama naka ba. Kuma in ciwon ya zo da mutuwar yatsu ko bai lafa ba bayan ka daina hawa, ka koma wurin likitan da ya tura ka motsa jiki.

To, yayanka. Ka sa kanka a matsayinsa. Ya daɗe yana wani abu da wataƙila a gida ba mai fahimtarsa, ana ganin yana wahalar da kansa a banza, kwatsam ƙaninsa ya ce zai shiga. Me zai ba ka da ya fi keken da ya sha gumi a kansa? Kyautar ta fito daga zuciya, kuma tambayar da yake maka kullum, yaya keke, ainihinta yaya tafiyarmu ce. Kuskurensa irin na gwanaye ne, ya manta yadda farko yake. Amma “lafiya lau” ɗin da kake ce masa ba za ta ɗore ba. Ko dai ya gano keken yana jingine ya yi ƙura, ya ɗauka ka raina kyautarsa, ko kuma ka tilasta wa kanka hawa don kunya har wani abu ya faru, wanda in ya ji, ba zai yafe wa kansa ba. Tsakanin ɓacin ran minti goma da wannan, ka san wanda ya fi sauƙi.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ba zan aika saƙo a waya ba, zan je in same shi. Zan fara da labarin mahaɗar hanyar, dalla-dalla, yadda hannuna ya lalubi birki bai samu ba. Duk wanda ya taɓa hawa irin wannan keken zai ji abin a jikinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan in ce, “Yaya, keken nan ya fi ƙarfina yanzu. Ina so in koyi tuƙi a kan keken titi tukuna, kuma ba wanda nake so ya zaɓa mini sai kai. Ka raka ni.” Ka ga ba ka mayar masa da hannunsa ba, ka ba shi wani aikin da ya fi na farko, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, zai hango aibin da kai ba za ka gani ba a jikin keke, musamman in na hannu za ku saya.

Abin da za ku nema ba mai wahala ba ne. Keken titi daidai tsawonka, irin wanda aka yi don doguwar tafiya, mai ɗan tsayin gaba yadda ba za ka sunkuya da yawa ba. Firam na alminiyam ya wadatar, kada kowa ya ruɗe ka da cewa sai na kabon. Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi siririya laushi da riƙe hanya. Giya mai sauƙi don tudu, birki mai kamawa, hular kwano da ta zauna daram a kanka, da fitila gaba da baya. In hali bai ba da damar saye yanzu ba, ka tambaye shi ko yana da keken titi da zai ara maka in awonku ya yi kusa, ko ka duba ƙa'idar gasar, domin yawancin gasannin masu farawa suna karɓar kowane keke mai lafiyayyen birki. Mutane da dama sun gama gasarsu ta farko a kan keken zuwa aiki.

Shi kuma keken kyautar, makomarsa tana hannun mai awo da yayanka. In awon ya nuna zai iya zama naka, ajiye shi. Kana iya ɗaura shi a kan na'urar da ake tuƙa keke a ɗaki, inda ba mota ba rami, ka riƙa kwanciya a kan sandunan minti biyar, sannan goma, wuya da baya suna sabawa sannu a hankali. Daga baya ka fitar da shi hanyar da ba kowa da sassafe, yayanka yana gefe. In kuma ya yi maka girma, ka gaya masa abin da mai awon ya ce, ka bar shi ya zaɓa: ya karɓi abinsa, ko ya ba ka izinin musanya shi da wanda ya dace da kai. Kada ka sayar ko ka musanya a ɓoye, wannan shi ne abin da zai yi masa ciwo da gaske. Akwai kuma tsaka-tsaki da mutane da yawa suke bi: bayan shekara guda a kan keken titi, sai a sayi ƙananan sanduna da ake ɗaurawa a kan keken a kwance su in an gama, bayan an tabbatar kan keken irin wanda zai ɗauki matsi ne. Da su za ka gane ko kwanciyar tana yi maka, tun kafin ka sa kuɗi a wani abu babba.

A watannin da suka rage, ka koyi abubuwan da ba a saye: tsayawa da gaggawa ba tare da tayar baya ta ɗaga ba, waiwaye ba tare da keken ya karkace ba, ɗauko gorar ruwa ido yana kan hanya. Filin ajiye motoci da ba kowa ya isa wannan. Sau ɗaya a mako, da ka sauka daga keke ka sa takalmi ka yi gudun minti goma, domin ƙafafu suna yin wani irin nauyi kamar ba naka ba a wannan lokacin, kuma gara ka san shi tun yanzu. Wannan horon ma ka ce yayanka ya zo ku yi tare, in kuma kun samo keken, ka koma wurin shugaban ƙungiyar ka tambaye shi ranar da masu farawa suke fita. Ka rubuto mini bayan gasar in ji yadda ta kaya.